Cigiyar Malamin Turanci

Babanmu da cigiya yake koyar da Turanci. Duk wanda ya taɓa zama a ajinsa, a Pauwa ne ko Tafoki ko Mairuwa, in ka taɓo masa zancen sai ya yi dariya kafin ya fara ba ka labari. Ran da za a yi darasin sifa, Baba ko kallon allo ba ya yi. Sai ya faɗo aji yana salati, hannu biyu a ka, ya ce akuyarsa ta ɓata tun asuba, wa zai taimake shi da shela. Yaron da tsautsayi ya faɗa wa sai ya fito gaba, ya toshe kunne ɗaya kamar mai shelar kasuwa, ya yi cigiya da Turanci.

Yaro zai ce akuya ta ɓata, ya ja bakinsa ya tsaya yana jiran tafi. Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Wace akuya? Awakin garin nan sun hi mutanen garin yawa. In na bi shelarka, kahin azahar ina gaban mai gari da akuyar mutane." Dole yaro ya ƙara bayani: ƙarama ce, tsohuwa, ja. Daga nan darasi ya kankama. Baba ya kan ce Bature rago ne wajen sifa, kalma ɗaya yake jefa wa kowa, namiji da mace da jam'i. Mu kuwa sai mun ce farin doki, farar akuya, fararen shanu, kowa da rigar da aka ɗinka masa. Amma ragon nan yana da tsari. Sifarsa gaban suna take tsayawa, kuma in sun taru ba sa turereniya: girma a gaba, shekaru su biyo, launi a ƙarshe, sannan akuyar ta iso a baya tana yanga.

Sai 'yan ƙananan kalmomin nan da suka sa ɗalibai da yawa shan bulala a wasu makarantu, wato "a" da "the", da ƙanwarsu "an" mai leƙowa in kalma ta fara da wasali. Shi Baba da numfashi ɗaya yake gama da su. Ta farko, in ji shi, wata akuya ce, ko ta wa, ba ruwanka da ita. Ta biyun kuwa akuyar ce, wadda ni da kai duk mun san ta, wadda muka fito nema.

Doka ɗaya ce ba ya yafewa: mai cigiya ya faɗi abin da ido zai gani. Wata rana wata yarinya mai rawar kai ta fito ta ce akuyarta mai kirki ce, mai hankali, kowa yana son ta. Turancinta babu tuntuɓe ko ɗaya. Baba ya riƙe haɓa. "Madalla. To kirkin a goshi aka rubuta mata shi? Wanda ya gamu da ita a bakin rijiya, ta ina zai ga hankalin?" Aji ya fashe da dariya, yarinya ta koma benci tana hawaye. Ni ce yarinyar. A hanyar gida ya saya mini rake, duk da fushina na shanye shi tas.

Na girma na bi sawunsa. Yau Turanci nake koyarwa a makarantar 'yan mata a Kankara, kuma duk shekara sai akuyata ta ɓata sau ɗaya.

Bayan Baba ya yi ritaya ya koma gonarsa ta wajen Pauwa, da 'yan tumakinsa da rediyonsa. Da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, Yaya, babban wanmu, ya kwaso shi da Inna ya dawo da su gidansa a cikin gari. Inna ba ta jima ba Allah ya yi mata rasuwa. Daga nan Baba ya fara ruɗewa. Da farko mantuwa ce irin ta kowa, ina hulata, ina carbina. Sannu a hankali ya daina gane jikoki. Ni ya kan kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ba a haife ni ba. Mutumin da in ya tsaya a ƙofar aji sai ya sunkuyar da kai, ya rankwafa har na fi shi tsawo. Ya rame, ya yi duhu, haƙoran gaba suka zube. Akwai wata tsohuwar rigar sanyi ruwan ƙasa da ta huje a gwiwar hannu, ita ya liƙe wa, ko ana zafin da kaza ke buɗe baki. Ya kan tsinci gawayi a madafa ya cika bangon ɗakinsa da rubutu. Da hantsi kuma sai ya miƙe tsaye ya tambaya ko an buga ƙararrawa.

Yaya dillalin hatsi ne, ya je Makka, ana jin maganarsa a unguwa. Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka ba ya son Baba. Shi yake masa wanka da hannunsa, shi yake yanke masa farce, kuma ban taɓa jin ya ɗaga masa murya ba. Sai dai son nasa duk a rufin asiri ya ƙare. In tsofaffin ɗalibai suka zo gaisuwa, sai a ce Malam ya ɗan kwanta. In abokan aiki suka zo, Malam ya sha magani yana barci. Haka aka yi ta yi har mutane suka gaji suka koma aiko da gaisuwa. Maƙwabcin da katangarsa ke jingine da tamu ya fi shekara bai sa Baba a ido ba.

Ranar kasuwa ce, cikin damina. Matan gidan sun shiga suna a maƙwabta, kowace tana zaton ɗayar ta saka sakata. Ina cikin aji aka kira ni. Kafin in iso an duba masallaci, an duba bayan gida da rijiya da kwalbatin bakin titi. Ba Baba, ba rigar sanyinsa.

Bayan la'asar maza suka zauna a zaure don a tsara abin da za a ba mai shela da limamai. Akwai Yaya, da Kawu ƙanen Baba, da ƙannena biyu. Ni ina tsaye daga bakin ƙofar cikin gida, inda ake jin komai.

Yaya ya ce, "A ce ana cigiyar tsohon hedimasta, dattijo mai kamala, dogo, hwari, mai hwarin gemu. Ya hita tun da sahe bai dawo ba."

Ban san lokacin da na ɗaga labule ba. "Yaya, wannan da ka hwaɗa ba shi ne ya hita daga gidan nan ba."

Duk suka juyo.

"A ce tsoho ne rankwahahhe, ramamme, ba haƙoran gaba. Shina sanye da rigar sanyi ruwan ƙasa mai huji, silihwas ɗinshi ba iri ɗaya ba ne. A ce ya ruɗe, bai san sunanshi ba, in an yi mashi magana da Turanci yake amsawa."

"Ke!" in ji Yaya. "Ubanki za ki sa a yi ma shelar hauka a tsakiyar kasuwa? Mutumin da ya koyar da rabin ƙasar nan?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya. Nemanshi muke ko yabonshi?"

Kawu ya ɗaga hannu. A hankali ya yi magana, irin ta wanda ya san ba za a musa masa ba. "Malama, koma ciki. Duk wanda ya san yayana zai gane shi. Mutum shekara da shekaru shina tara mutunci, ba za mu watsar mashi da shi a yini ɗaya ba. In ya dawo gobe, da wane ido za ya kalli mutane?"

Na so in ce Baba ya daina kallon mutane da kowane ido. Na so in ce shi da kansa, da yana cikin hayyacinsa, da ya mayar da wannan shela benci tana hawaye. Na faɗi rabin haka, sai ƙaramin ƙanena ya kama hannuna ya mayar da ni ciki. Babban wa uba ne, kuma ga Kawu a gefensa. Har hoton da aka buga aka liƙa a tasha, na ranar bikin ritayarsa ne: babbar riga fara ƙal, hula zanna, kumatu cike, yana murmushi da haƙoransa duka. Ni kaina da na tsaya gaban hoton sai da na ji kamar in gaishe shi in tambaye shi ko ya ga Babanmu.

Tsofaffin ɗalibansa sun yi abin da ya fi ƙarfin godiya. Cikin 'yan kwanaki cigiyar ta kai masallatan Juma'a na Faskari da Mairuwa da Tafoki, har Sabuwa. Wani ma'aikacin asibiti ya bi gadaje ɗaya bayan ɗaya. Wani direba ya liƙa hoton a gilashin motarsa. Kowa ya fito da zuciya ɗaya yana neman dogon malamin da ya sani.

Ni kuma na roƙi maigidana ya bar ni, in an tashi daga makaranta, in bi tasha-tasha. Na gaya wa masu shayi da 'yan kamasho da masu sayar da rake gaskiyar kamanninsa, ban rage komai ba. Kowace kalma sai da ta ƙone mini harshe. Ba ƙaramin abu ba ne ka tsaya gaban yaron mota ka ce ubanka bai san sunansa ba. Wasu su ce Allah sarki, wasu su ce tsofaffi irin haka ai suna da yawa, Hajiya. Wani kwandasta a Mairuwa ya ce kamar ya ga mai irin rigar a bayan motar masara, amma ba zai rantse ba, bai kuma san inda motar ta nufa ba. Baki ɗaya gare ni, su kuwa lasifika gare su a kowane gari.

Da kwanaki suka ja, zance ya koma kan mutanen daji. Kowa ya ce su ne suka ɗauke shi. Yaya ya daina zuwa kasuwa, ya zauna da waya a hannu, ko alwala zai yi sai ya ɗora ta a kan buta. Abin da ban taɓa zaton zan gani ba ke nan: gida guda ana addu'ar Allah ya sa ɓarayi su kira. In sun kira, aƙalla yana wani wuri, wani yana ba shi ruwa. Duk lokacin da aka yi ruwan sama sai in kasa cin abinci, ina tunanin wannan hujin na gwiwar hannu. Wayar ba ta taɓa kawo muryar da muke jira ba.

Labari ya zo ta bakin wani mai sayar da barkono daga wani ƙauye gaba da Sabuwa. Ya kawo kaya kasuwa, yana shan shayi a tasha, sai ya ji mai shayin yana ba wani labarin malamar nan da ke yawon neman tsoho mai rigar sanyi da Turanci. Ya ajiye kofin. Mai shayin ne ya rako shi har ƙofar makarantarmu. Da na fito na ga yadda ya cire hula yana murza ta a hannu, na san abin da ya kawo.

"Hajiya, sai haƙuri. In dai shi ne, mun yi mashi sutura satin da ya wuce."

Washegari muka kama hanya, ni da Yaya da Kawu da mai barkonon. Yaya yana ta cewa ba lallai ne shi ba, me zai kai Baba Sabuwa, wa ya sani a can. Masara ta yi kai a gonaki, hanya duk taɓo, sau biyu muna fita ana tura mota. Sai da muka bar kwalta, mai barkonon ya ambaci sunan ƙauyen, sannan Kawu ya dafe ƙirji.

"Innalillahi. Ai nan aka hwara turo shi koyarwa, tun bai yi aure ba. Ni na rako shi da akwatinshi."

Makarantar tana nan a bakin gari, rabin kwanon ya yaye, awaki suna kwance a baranda. A wannan barandar aka tsince shi, in ji mai barkonon, yana zaune tun hantsi yana kallon hanya kamar mai jiran wasu. Da rana ta yi, wata tsohuwa da gidanta ke kallon makarantar ta aika ɗanta ya taso shi.

Ita ce ta tarbe mu a zaurenta. Ƙaramar mace ce, ta manyanta sosai, hannunta duk kanta irin na mai surfe. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta yi mana gaisuwa kamar ta san mu tun da. Ban ji rabin abin da take faɗa ba, domin idona yana kan bango. Daga ƙasa har inda hannun rankwafaffen mutum zai kai, rubutun gawayi ne, layi-layi, a miƙe kamar an sa ma'auni. Ko a cikin dubu zan gane yadda Baba yake lanƙwasa wutsiyar harafi. Yaya ma ya gani. Ya daina cewa ba lallai ne shi ba.

Ta shiga ciki ta fito da rigar sanyin, a wanke, a ninke. Ta ɗinke hujin da baƙin zare.

"Da ƙyar na raba shi da ita in wanke," ta ce. "Sai da na ba shi zanena ya yahwa, shina zamne shina gadin ta har ta bushe. Mun tambaye shi suna, mun tambaye shi gari, sai ya yi ta yi mana Turanci. Wasu suka ce tsohon soja ne. Ni dai na ce ko wane ne, uban wani ne. Ba shi da hitina ko kaɗan. In an ba shi tuwo sai ya nuna yara da hannu, wai a hwara ba su."

Ta ce wani yammaci ya sulale ya koma barandar makarantar, ruwa ya kama shi a can, kafin a gano shi ya jiƙe sharkaf. Zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji ya riƙe. Ɗanta ya sayo magani a kemis, ba a dace ba. Liman da mutanen gari suka yi masa wanka da salla, aka kai shi makwancinsa kamar ɗan gari.

Aka raka su Yaya maƙabarta. Ni na zauna da tsohuwar, rigar tana kan cinyata, na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa. Ba ta ce in yi shiru ba. Ta bar ni na yi mai isata, tana ɗan bubbuga bayana.

Haushi na zo da shi daga Kankara, cike da ciki, kuma na yi niyyar in sauke wa Yaya shi a hanyar komawa, ko Kawu zai tsine mini. Amma da suka dawo na ga fuskarsa, sai na rasa ta inda zan fara. Ya tsufa a cikin awa guda. Ya zauna a bakin tabarma, ya yi wa tsohuwar godiya. Sannan ya yi tambayar da na san tun a mota take cin sa.

"Iya, cigiya ba ta iso nan ba? Mun aika ko'ina. Har Sabuwa an hwaɗa a masallaci."

"Ta iso, Alhaji," in ji ta. "Nan ma an hwaɗa, ran Juma'a, a lasihika. Kowa ya ji. Hedimasta, dogo, hwari, mai kamala. Har muka yi ta jajantawa, muka ce irin waɗannan manyan mutane ai sai dai mutanen daji." Ta dubi rigar da ke cinyata, ta dubi Yaya, kamar mai neman gafara. "Wallahi ko a mahwarki ban kawo shi ba ne. Da an ce tsoho ne da ya ruɗe, ai da a ranar ɗana ya ɗauko shi a mashin. Lokacin lahiyarshi lau, sai wani satin ne ruwan ya dake shi."

Yaya ya ƙura wa rubutun bango ido. Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Ita kuwa ba ta san abin da take yi mana ba, ta ci gaba, don a ganinta labari ne mai daɗi da ya kamata 'ya'ya su ji game da ubansu.

"Ai lokacin da ake shelar ma shina nan, daidai inda kake zamne, ina ba shi kunu. Da aka gama na ce, Allah sarki, ko uban su wa ne, Allah ya bayyana shi. Sai ya aje ludayin, ya ɗaga hannu biyu, ya ce amin. Ita ce Hausa ɗaya da na taɓa ji a bakinshi."